Kati Ɗaya, Ma'aikatu da Yawa: Yadda Ake Kafa Katin Shaida Mai Ƙwaya a Jahar Tawa

Mace ɗaya a birnin Tawa tana iya riƙe karnen awon ciki na likita, da katin tallafi, da takardar sayen hatsin rahusa, da rasit ɗin harajin kasuwa, kowanne da lambarsa, kowanne kuma da irin yadda aka rubuta sunanta. Dabarar katin haɗaka ita ce a tara waɗannan a kati guda mai ƙwayar lantarki, wanda ma'aikatar magajin gari da likita da masu rabon tallafi za su iya karantawa, amma kowa abin da ya shafe shi kawai yake gani. Wannan bayani na waɗanda aka ɗora wa nauyin kafa irin wannan tsari ne, a gari ɗaya ko a jaha baki ɗaya.

Katin kansa shi ne abu na ƙarshe da za ku saya. Yawancin tsare-tsaren da suka ruguje, tun daga oda suka ruguje: aka kawo kwalayen kati da injin bugawa, sannan aka zauna ana tambayar wa za a ba, da wace lamba, kuma wa ke riƙe da makulli.

Takarda kafin na'ura

Ku fara da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ma'aikatun da za su shiga. Ta faɗi wace ma'aikata ce uwar rajista, wa ke biyan kuɗin kati na farko da na canji, wane bayani kowace ma'aikata za ta gani, da abin da za a yi in wata ta fice. Kada a wuce ma'aikatu biyu ko uku da farko.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an kuma sabunta ta a Disamban 2022, hukumar HAPDP da ke Yamai ce ke sa ido a kanta. Zanen yatsa da bayanan lafiya suna cikin abubuwan da ba a tarawa da ka, don haka ku kai wa hukumar tsarinku kafin ku ɗauki yatsan mutum ɗaya. A Kenya, babbar kotu ta taka wa rabon katin shaida na Huduma birki a 2021 saboda ba a yi nazarin haɗarin da ke tattare da bayanan jama'a ba kafin a fara, alhali an riga an buga katuna masu yawa. Ku kuma tuntuɓi ANSI, hukumar da ke kula da harkar zamanantar da ayyukan gwamnati. Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya a zagaye na biyu, a 2020, tare da Benin da Burkina Faso da Togo, shirin da burinsa kowane mutum ya samu lambar shaida guda. Katin jaha ba ya maye gurbin katin ɗan ƙasa. Ku bar gurbi a rajistarku inda lambar ƙasa za ta shiga, don kada a wayi gari kuna da rajista biyu masu gaba da juna.

Rajista, inda aikin yake

Kayan tebur ɗaya su ne: kwamfutar hannu, kamara, farin ƙyalle na bayan hoto, fitila, na'urar ɗaukar yatsa mai ƙarfin ɗigo 500 a inci, na'urar kwafar takarda, da ƙaramin injin buga rasit. A lissafin shiri, ku ba kowane mutum minti 10. In aka cire salla da cin abinci da tsaikon na'ura, awa 6 ke saura na aiki, wato mutum 36 a rana. Mutum 10,000 kenan za su ci tebur 5 kusan kwana 56 na aiki. Wanda ya ce muku zai gama a mako biyu, to ko dai zai ƙara tebura ko zai zubar da inganci.

Tushen shaida shi ne takardar haihuwa. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai da hukuncin alƙali. Da yawa daga dattawan ƙauye ba su da ko ɗaya. Kada ku kore su. Ku yi musu rajista da shaidar mai gari ko mai unguwa da shaidu biyu, ku sa wa rikodin alamar cewa shaidarsa ta baki ce, sannan ku miƙa jerin sunayensu ga masu shirya zaman alƙali na tafi-da-gidanka. Irin wannan kati ya isa likita da sayen hatsi, amma bai isa abin da ya shafi fili ko gado ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ke cinye lokaci. Mutum guda yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a karnen likita, Mohamed a takardar makaranta. Aïchatou da Aichatou mutum biyu ne a idon kwamfuta saboda ɗigo biyu kacal. Mace a wata takarda da sunan mahaifinta take, a wata da sunan mijinta. Ga kuma waɗanda takardarsu ta ce an haife su wajajen shekara kaza, babu rana babu wata. In manhaja ta tilasta a cike rana, duk sai su zama haihuwar 1 ga Janairu, sai ka tarar da mutum ɗari masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Maganin wannan:

A rubuta suna daidai yadda yake a takardar tushe, harafi da harafi, ko da ma'aikaci yana ganin kuskure ne. A ware gurbi dabam na sauran sunaye da laƙabi. A ware gurbin sunan uba, da na uwa, da na kaka na wajen uba, domin sunan uwa ne ya fi raba masu suna iri ɗaya. A ba ranar haihuwa damar zama shekara kawai. Wajen bincike kuma manhaja ta share ɗigo da alamun saman harafi, ta haɗa rubuce-rubucen suna ɗaya a rukuni guda. Wannan jerin rukuni ku za ku gina shi da ma'aikatan da suka san sunayen Hausa da na Buzaye da na Fulani da na Larabawan arewacin jaha. Kamfanin waje ba zai zo muku da shi ba.

Yatsa ma yana da halinsa. Hannun manomi bayan damina, da na magini da siminti ya ci, da na macen da ke daka kullum, da na tsoho, sau da yawa zanen ya shafe. A hunturu fata na bushewa har na'ura ta kasa gani. Sai a sa mutum ya hura wa yatsan iska daga baki ko ya shafa shi a goshi, a sake gwadawa. Ba a jiƙa shi da ruwa, ba a lafta mai. Lalle mai duhu yana rikita wasu na'urori masu aiki da haske, don haka ku gwada na'ura a kan hannu mai lalle kafin ku saye ta da yawa. A ɗauki yatsu goma domin gano masu rajista sau biyu, amma biyu mafi kyau ake ajiyewa na tantancewar yau da kullum. Ƙananan yara ba a dogara da yatsansu. A ɗaura rikodinsu a na uwa ko mai riƙo, a sake ɗauka in sun girma. Wanda yatsansa ya ƙi sam, a rubuta dalili, shugaban tebur ya sa hannu, a bar shi da hoto da lambar sirri.

Hoto yana buƙatar fuska daga haɓa zuwa goshi. Hijabi da rawani suna zama, amawali ne kawai ake saukewa. Ku tanadi tebur mai labule da ma'aikaciya mace. In babu, mata da yawa ba za su zo ba, kuma ba za su gaya muku dalili ba.

Ba a buga kati a ranar rajista. Mutum ya tafi da rasit, bayanansa su je cibiya a gwada su da na kowa. Abin da kwamfuta ta ce ya yi kama, mutum ne zai duba ya yanke, domin tagwaye da masu suna ɗaya suna nan da yawa.

Lamba

Kada lambar ta faɗi komai game da mai ita: ba shekarar haihuwa, ba jinsi, ba lambar gunduma. Mutumin Buza yana komawa Ƙonni, shekarar haihuwa tana gyaruwa a kotu, lamba kuwa ba ta canzawa. Indiya ta yi amfani da alƙaluma 12 na kan-mai-uwa-da-wabi, na ƙarshensu na tantance sauran. Ku yi haka: alƙalami na ƙarshe ya zama na bincike, ta yadda in ma'aikaci ya juya 47 ta zama 74 manhaja ta ƙi karɓa nan take. A cikin hanyoyin lissafa wannan alƙalami, tsarin Verhoeff ya fi na Luhn kama irin wannan juyi. In da hali, kowace ma'aikata ta yi aiki da tata lambar da aka samo daga ta asali ta hanyar lissafin da ba ya komawa baya, kamar yadda Ostiriya ke yi. Ta haka ko rajistar likita ta fita, ba a iya manna ta da ta haraji.

Wane kati za a saya

Girman kati ɗaya ne a duniya: milimita 85.60 a 53.98, kauri 0.76. Abin da ke ciki ne ya bambanta, kuma daga waje ba a ganewa.

Katin kilohaz 125, irin na buɗe ƙofa, lamba ɗaya kawai yake faɗa wa duk wanda ya tambaya, ana kwafarsa cikin daƙiƙoƙi. MIFARE Classic yana da araha, ƴan kasuwa suna son tallarsa, amma masu bincike sun fasa sirrinsa tun 2008. Duka biyun ku bar su. Na jama'a, ku nemi kati marar taɓawa na ƙa'idar ISO 14443, mai aiki a megahaz 13.56, mai sirrin AES-128, irin su DESFire EV2 ko EV3. Yana zuwa da ma'adanar kilobait 2 ko 4 ko 8; na 4 ya ishi ma'aikatu uku zuwa huɗu in hoto a fuskar kati yake ba a cikin ƙwaya ba. Marar taɓawa ya fi dacewa da nan saboda ƙura da gumi suna cinye farantin zinariyar katin sokawa. In samfuri ya zo, ku kara shi a bayan waya mai NFC, wato mai karanta kati in an kara shi, da manhajar NXP TagInfo, za ta faɗi ainihin ƙwayar da ke ciki. Ku maimaita wannan a kan katuna daga kowane kwali ranar karɓar kaya, ba a kan samfuri kawai ba.

Jikin katin ma abin dubawa ne. Ƙa'ida tana gwada kati zuwa maki 50 na zafi, amma gaban mota da aka rufe a watan Afrilu a Tawa ya wuce haka, kuma zallar robar PVC lanƙwashewa take. Ku nemi wanda aka haɗa PVC da robar PET. A cikin katin akwai siririyar waya da ta zagaye gefensa. In mutum ya sa shi a aljihun baya ya hau kabu-kabu, ko mace ta ƙulle shi a bakin zane, ko aka huda shi don rataya, wayar ta katse, kati ya mutu alhali fuskarsa lafiya lau. Ku raba shi da ƴar jakar roba mai tauri, ku faɗa da baki ranar rabo cewa ba a hudawa.

Ɗakuna da makullai

Ƙwayar kamar gidan haya take: zaure ɗaya na kowa, sannan kowane ɗan haya da ɗakinsa da kwaɗonsa. A zaure ake ajiye lamba, suna, shekarar haihuwa, ranar ƙarewar kati, da lambar bugu, wato kati na nawa ne aka yi wa wannan mutum. Uwar rajista ta sa wa waɗannan hatimin lantarki; irin wanda ake kira ECDSA P-256 bait 64 ne kacal, kuma kowace na'ura tana iya tabbatar da shi ba tare da intanet ba. Ɗakin likita ya ɗauki lambar fayil da alamar cewa yaro yana cikin ƴan ƙasa da shekara 5 da ake yi wa magani kyauta tun 2006. Ba a rubuta cuta a kati. Ɗakin tallafi ya ɗauki lambar gida da ranar karɓa ta ƙarshe. Ɗakin magajin gari ya ɗauki lambar rumfa ko ta fili da shekarar da aka biya.

Sabon DESFire yana fitowa daga masana'anta da makullin da duk sifili ne. Mataki na farko wajen shirya kati shi ne canza shi; akwai tsare-tsaren da suka yi shekaru suna aiki da makullin masana'anta ba wanda ya lura. Na biyu, kada katuna su yi tarayya a makulli ɗaya. Ana samo makullin kowane kati daga babban makullin ma'aikata haɗe da lambar ƙwayarsa, ta yadda wanda ya fasa kati ɗaya, kati ɗaya ya samu. Na uku, babban makullin ba ya zama a cikin kwamfuta ko a fulas. A cibiya yana cikin akwatin tsaro na HSM, a na'urorin karatu kuma yana cikin SAM, wata ƴar ƙwaya mai girman layin waya da ke yin lissafin a cikinta ba tare da ta fitar da makullin ba. Kowace SAM da lambarta a littafi, da sunan wanda ya karɓa.

Ranar ƙirƙirar babban makulli a yi ta a gaban shaidu. A raba shi kashi uku, mutum uku daga ma'aikatu dabam-dabam kowa ya riƙe kashinsa a ambulan mai hatimi, a sef dabam. A kwangila kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa makullai mallakar hukuma ne, zanen yatsu za a adana su a sigar ƙa'idar duniya ta ISO 19794-2, kuma ana iya fitar da rajista gaba ɗaya duk ranar da aka so. In wannan layi ya ɓace, ranar da kuka so canza kamfani za ku gane cewa sai an sake yi wa kowa rajista. Ku rubuta har da wanda zai biya in aka gano aibi a ƙwayar. Estoniya, duk da gwanintarta, a 2017 ta dakatar da takardun lantarki, wato shaidar sa hannu da ke cikin ƙwaya, na katuna sama da 700,000 saboda aibi a ƙwayar da kamfanin Infineon ya ƙera.

Bugawa, ƙura da wuta

A buga a wuri ɗaya, a ɗaki mai rufi da sanyi, ba a kowace gunduma ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan kati tana barin farin ɗigo a hoto, in ta maƙale a kan injin sai farin layi ya bi duk katunan da suka biyo baya, kuma kan injin shi ne mafi tsada a jikinsa. A goge injin da katin gogewa duk sanda aka canza ribon, wato zirin launin da injin ke bugawa da shi, a rufe shi in an tashi, a riƙe farin kati ta gefe. Ribon mai launi yakan buga fuska 200 zuwa 300 gwargwadon injin. A ajiye shi nesa da zafi. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 a odar kati saboda lalacewa. Ribon da ya ƙare yana ɗauke da sunaye da lambobin duk waɗanda aka buga, ana karanta su da ido in aka ɗaga shi a haske, don haka ƙone shi ake yi a gaban shaida, ba a jefa shi a bola.

Tebur ɗaya yana jan kusan wat 150. Awa 8 kenan wat-awa 1,200. Batirin gubar mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, ya yi daidai kenan, da farantin sola na wat 300 ko fiye. Inda ake kan layin NIGELEC, a sa ondila, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, tsakanin bango da injin: ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta makulli tana iya bar muku katin da ba ya buɗuwa da tsohon makulli ko sabo.

In rezo ya ɗauke

Daga Abalak zuwa Cintabaraden da Tasara da Tiliya, tsarin da ke jiran intanet kafin ya amsa bai fara aiki ba. Na'ura ta tantance kati da kanta ta hanyar SAM da hatimi, ta ajiye abin da aka yi, ta aika in ta samu rezo. Abin da take buƙata daga cibiya shi ne jerin katunan da aka soke, kuma ba shi da nauyi: kati 10,000 a bait 8 kowanne kilobait 80 ne. A ƙayyade kwanakin da na'ura za ta yi ba ta sabunta jerin ba: rabon kuɗi ko hatsi, kwana 7, duba marar lafiya, babu iyaka. A sa layuka biyu na kamfanoni dabam-dabam. A kuma kula da agogo, domin in ƙaramin batirin agogon na'ura ya mutu, kwanan wata yana komawa baya, sai ta ƙi duk katin da aka kara, a yi ta zargin kati alhali batirin jika ɗaya ne ya ƙare.

A bayan kati a buga lambar QR mai ɗauke da bayanan zaure da hatiminsu, saboda ranar da ƙwaya ta mutu. Ƙa'idar likita kuma a manna ta a bango: ba a mayar da mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi don kati ya ƙi karantuwa. A rubuta a littafi, a daidaita daga baya.

Ɓata, mutuwa, da wanda ya tafi cin rani

In kati ya ɓata, mai shi ya sanar a kowane teburin tsarin, a tantance shi da yatsa, a soke tsohon nan take. Lambarsa ba ta canzawa, lambar bugu ce ke hawa daga 1 zuwa 2. Kuɗin canji ya zama kaɗan. In ya yi tsada mutane ba sa sanarwa, aron na maƙwabci suke yi. Mutuwa kuwa, sai an ɗaura ofishin rajistar mutuwa da uwar rajista, a kuma riƙa bi ta wajen masu gari duk wata uku, in ba haka ba mamaci zai ci gaba da karɓar hatsi.

A Adar, magidanta da yawa suna barin gida bayan girbi zuwa Abijan ko Najeriya ko Libiya. In tallafin gida yana kan katin maigida kaɗai, abu biyu ne zai faru: ko ya tafi da katin iyali su rasa, ko ya bar shi da lambar sirri a hannun wani, daga nan kati ya daina shaidar kowa. Ku gina wakilci a cikin tsarin tun farko. Haƙƙin ya zama na lambar gida, a ɗaura mata mutum biyu ko uku, kowa ya karɓa da katinsa da yatsansa, rikodi ya nuna wanda ya karɓa. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a tambaya a fili ko tukunya ɗaya ce ko kowace da tata, a rubuta yadda suka faɗa. Wannan tsari yana kuma rage jinginar da kati wajen mai bashi, tunda kati in babu yatsa ba ya fitar da komai.

Katin ma'aikata da gwajin farko

Ma'aikaci yana buƙatar kati dabam, na sokawa, na ƙa'idar ISO 7816, mai takardar lantarki a ciki da lambar sirri da ke kullewa bayan kuskure 3. Da shi yake shiga manhaja, da shi yake sa hannu a duk gyaran da ya yi. Matsalar da aka fi gani ita ce kati ɗaya a soke a na'ura tun safe, lambar sirri a rubuce a ƙasan allon rubutu, mutum huɗu suna aiki da shi. Dalili ba lalaci ba ne kawai. Galibi sabon ma'aikaci ne ya yi wata biyu yana jiran nasa. Ku sa wa kanku wa'adin kwana 3 na ba sabon ma'aikaci kati, da awa 24 na soke na wanda aka canza wa wurin aiki. Gyaran suna ko shekarar haihuwa ko hoto kuma sai da katin mutum biyu, mai gyara da mai amincewa.

Ku gwada tsarin a wuri biyu masu bambanci, unguwa ɗaya a cikin birnin Tawa da ƙauye ɗaya marar rezo, mutum 1,000 zuwa 2,000, na tsawon da zai ratsa bazara. Ku ƙirga yatsun da suka ƙi, da katunan da suka mutu, da daƙiƙoƙin da kowane karatu ke ci, da waɗanda aka yi wa rajista ba su zo karɓa ba. Kafin a faɗaɗa zuwa sauran gundumomi, ku kashe babbar kwamfutar da gangan rana ɗaya, ku ɗauko kwafin ajiya da ke wani gini dabam, ku tara masu riƙe da kason makulli, ku tayar da tsarin a kan wata na'ura, ku rubuta awa nawa ya ci.